Tururuwar Birnin Sambarka

Da sunan Wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya ɓoye iyakarta, Ya raba wa kowace halitta abincinta, wata a fili, wata a rami. Bayan haka, ni ne Barmo ɗan Cindo, mutumin Tungar Faru, maɗinki a farkon rayuwa, matafiyi a ƙarshenta. Na ga garin da aka gina a kan ruwa, na ratsa dajin da itatuwansa ke ƙaura da rani su dawo da damina, na sauka a ƙasar da ake gaisuwa da tari. Duk waɗannan in na tuna su murmushi nake yi. Wuri ɗaya ne in ya faɗo mini a rai nake neman inda zan tofar da yawu, shi ne Birnin Sambarka. Ku gyara zama ku ji dalili.

Shekarar da na bar gida shekarar yunwa ce. Damina ta yaudare mu, ta bayanta ma ta bi sahunta. Har ta kai mata na fita da fartanya suna tonon gidan tururuwa, su kwashe 'yan ƙwayoyin da ta tara, su sheƙe ƙasar, su dama wa yara. Ana cikin haka wani tsohon falke ya yada zango a garinmu, ya ba mu labarin wani birni can ƙuryar gabas inda ba a san makulli ba, ba alƙali, ba ɓarawo, ba mai kwana da yunwa. Ya ce kirkin mutanen ne ya jawo musu wadata, kuma wadatar ba ta taɓa yankewa ba tun zamanin kakanninsu.

Na yi ta juya maganar a raina. Na ce in dai kirki ne ke kawo hatsi, to akwai wani irin kirki da ba mu sani ba, ya kamata wani ya je ya koyo. Da na gaya wa matata Tabawa, sai ta dube ni sama da ƙasa.

"Malam, kirkin a buhu za ka ɗauko shi, ko a ƙwarya?"

Na ce, "Ilimi ne, a ka ake ɗaukarsa."

Ta ce, "To ni ma ina da kai. Ba zan zauna gadin tukunyar da ko ɓera ya daina leƙawa ba."

Ba mu da ɗa balle jika, ba mu da akuyar da za mu bar wa wani amana. Na ɗauki allurata da zare, ta ɗauki 'yar tukunyarta, muka fuskanci gabas.

Bayan tafiyar da ta cinye takalmanmu ta koma cin tafin ƙafa, muka iso wani kogi wanda ba a hango gaɓarsa ta can. Ba gada, ba kwalekwale. Kadoji ne ke yin fito, ladansu kuwa kirari: muddin kana yabon kada yana iyo da kai, ka yi shiru ya nutse. Muka hau bayan wani tsoho mai gansakuka a ƙeya, na fara: "Sarkin ruwa, gungume mai numfashi, mai haƙora kamar jerin masu." Kafin mu kai tsakiya yabona ya ƙare, domin gaskiya kada ba shi da abin yabo mai yawa. Ruwa ya kawo mana idon sawu, ya kawo gwiwa. Sai Tabawa ta karɓa. Ta yabi laushin fatarsa, ta yabi ƙamshin bakinsa, ta ce tun da take ba ta taɓa ganin mai tausayin marayu irinsa ba. Kadan nan ya taso sama kamar ɓawon gyaɗa, har da lumshe ido, bai tsaya ba sai gaɓa.

Na ce, "Ina kika samo waɗannan?"

Ta ce, "A gidan biki. Ƙarya ta fi gaskiya tsawo, Malam, shi ya sa ita ta kai mu gaɓa."

Daga nan muka faɗa wata ƙasa da ake kira Gangare, shimfiɗaɗɗiya a gindin wani dutse mai tsayin da sai ka riƙe hula kafin ka ga ƙarshensa. A kan dutsen ne Birnin Sambarka yake, farar ganuwarsa tana walƙiya a rana. Lokacin kaka ne. Ban taɓa ganin gero irin na Gangare ba, zangarniya kamar damtsen ƙato, gonaki iya ganin ido. Ban kuma taɓa ganin manoma irin nasu ba. Ƙashi da fata ne kawai ke yawo cikin gero, yara da manyan cikkuna da siraran ƙafafu, kamar dai garin da na baro.

Wata tsohuwa mai suna Gwamma ta sauke mu a bukkarta. Ta dama kunun dusa, ta zuba mana duka, ta ce ita ta riga ta sha. Tukunyar ba ta nuna alamar haka ba.

Tabawa ta ce, "Inna, ga hatsi har bakin ƙofarki, me ya kai ki shan dusa?"

Ta ce, "'Yata, gobe da safe ki leƙa waje."

Da gari ya waye muka ji ƙasa na motsi. Daga wani rami a gindin dutsen wata baƙar runduna ta ɓullo, tururuwa ce, kowace ɗaya girman ɗan akuya, bakinta kamar awartakin maƙeri. Suka bazu cikin gonaki, suka kwashe duk damin da aka ɗaure jiya, suka fasa rumbunan da aka liƙe, suka jera suka koma ramin. Mutane suna tsaye daga nesa suna kallo, ba mai kuka, don sun gaji da kukan.

Gwamma ta ce, "Haka suke yi tun ina yarinya. Abin da ya zube a hanya shi ne namu. Maigidana ya taɓa tsayawa gaban rumbu da taɓarya. Hularsa muka binne."

Na ce, "Ina suke kai hatsin?"

"Cikin dutse. Ba wanda ya bi su ya dawo. Mu dai ba don mutanen sama ba da tuni mun ƙare. Su ke zuro mana dusa a kwando da igiya, har muna jiyo algaita daga can. Allah Ya saka musu, bayin Allah ne na gaske."

Ta gargaɗe mu cewa hanyar hawa dutsen tana da ƙofa, kuma mai gadin ba ya barin ramamme ya wuce, domin a wurinsu rama alamar mugun hali ce. Mu kuwa a lokacin ana iya ƙirga haƙarƙarinmu ta bayan riga. Akwai wani rimi a bayan bukkar, audugarsa ta zube ko'ina. Na tattara ta, na zauna na ɗinka mana 'yan ciki masu ruɓi biyu, na cusa audugar har muka yi tumbi da ƙirji. Na naɗa rawani na ja amawali ya rufe kumatuna, Tabawa ta ja mayafi. Da muka isa ƙofar, mai gadi ya zagaya mu, ya dubi tumbina da girmamawa, ya ce daga gani mu mutanen kirki ne.

Birnin Sambarka ya yi kyau, wannan ba zan hana shi ba. Tituna a share, gidaje farare, ƙofofi a buɗe, ruwa na gudu a magudanar dutse. Mutane sanye da alharini, fuskokinsu na sheƙi kamar ƙwaryar da aka shafa wa mai, suna tafiya a hankali kamar masu ɗauke da nono a ka. In biyu suka haɗu a lungu sai kowa ya ce ɗan'uwansa ya fara wucewa, su yi ta yi har rana ta karkata, tun da ba mai aikin da ke jiransa.

Wanda ke karɓar baƙi shi ne Sarkin Ladabi, wani dattijo mai suna Mamuda, mai magana ƙasa-ƙasa kamar yana tsoron tada jariri. Ya ba mu ɗaki da kilisai, ya sa aka kawo tuwo da miyar nama da fura mai zuma. Muka ci har muka kasa tashi. Na gaya masa abin da ya kawo ni, ya ji daɗi ƙwarai.

Ya ce, "Ɗan'uwa, ka zo inda ya dace. Mu nan ba ma sata, ba ma ƙarya, ba ma ɗaga murya. Saboda haka albarka take bin mu har gida. Da la'asar ka zo Dandalin Yabo ka ga yadda ake yi."

Dandalin Yabo fili ne da suke taruwa kullum, kowa ya tashi ya faɗi alherin da ya aikata a ranar. Wani ya ce ya tsinci allura a ƙofar maƙwabcinsa ya mayar masa, alhali ba wanda ya gan shi. Wata ta ce ƙawarta ta ɗaura zane irin nata, amma ta yafe mata har zuciya. Wani saurayi ya ce an ba shi cinyar kaza ya bar wa ƙanensa, ya haƙura da ɗaya cinyar. Duk wanda ya gama sai jama'a su ce "Sambarka," su share hawaye da hankici. Na zauna ina jira in ji kirkin da ya taɓa sa ɗayansu asarar ko loma guda. Har aka tashi ban ji ba. Mutumin da rumbunsa ke ambaliya yana alfahari bai saci allura ba, ai daidai yake da kifi yana alfahari bai taɓa roƙon ruwa ba.

Washegari da hantsi Mamuda ya kai mu ganin abin da suke kira Rumbun Albarka. Wani makeken rami ne a tsakiyar birni, an kewaye bakinsa da farin dutse, da matakala mai gangarawa ƙasa. Cike yake da hatsi. Maza na tsaye a baki suna zura guga suna jawowa kamar masu ɗiban ruwa a rijiya. Muna tsaye sai ga baƙar rundunar nan tana fitowa daga wata kafa a jikin ramin, kowace da dami a baki, suna jibgewa suna komawa.

Tabawa ta damƙe hannuna har na ji farcenta.

Na ce wa Mamuda, "Ranka ya daɗe, wannan hatsi daga ina?"

"Daga falalar Ubangiji, ta hannun ƙananan bayinSa."

"Na ga inda bayin suke ɗaukowa. Daga can muka hawo."

Na zaci zai razana, ko ya musa. Murmushi ya yi, irin wanda ake yi wa yaron da ya gano cewa wuta na da zafi.

Ya ce, "Ɗan'uwa, ai mu ma mun sani. Amma ka taɓa jin ɗan Sambarka ya aiki tururuwa? Dabba ce, halittarta take bi. Gidanta ne nan, kakanninmu suka buɗe samansa. Abin da muka tarar a ramin garinmu shi muke ɗiba, ita kuma in ta ga ya ragu ta je ta ƙaro. Da mutanen ƙasa na da halin kirki, da a garinsu ta yi gida."

"Suna mutuwa, ranka ya daɗe."

Ya sunkuyar da kai. "Shi ya sa muke yi musu kuka duk ranar Alhamis. Ga kuma dusa muna aika musu. Ba mu taɓa fashi ba."

Tabawa ta ce, "Wane fashin daga ciki?"

Ya yi kamar bai ji ba, don a Sambarka rashin jin abin da ba shi da daɗi yana cikin ladabi.

Da muka koma masauki na ce mata mu ɗaure kayanmu mu sulale, ba abin koyo a nan. Amma kafin mu motsa aka aiko cewa yau baƙi ne za su yi magana a Dandalin Yabo, su faɗi abin da ya fi burge su. Na roƙe ta ta bar ni in yi musu irin abin da ta yi wa kada. Ta ce to. Da muka isa, ina gyara murya, sai na ga ta riga ta miƙe.

Ta ce, "Jama'ar Sambarka, na gode da tuwo. A garinmu, in yunwa ta kai mu maƙura, mukan tona gidan tururuwa. Muna yi muna ɓoye fuska, don abin kunya ne. Ban san akwai inda ake yinsa da alharini da algaita ba sai da na zo nan. Mu ƙwayar ciyawa muke samu. Ku kuwa gumin mutane kuke ci, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Akwai wata tsohuwa a ƙasa da ta ba mu kununta na ƙarshe ta kwana da yunwa, tana kuma yi muku addu'a. Ita ba ta da dandalin da za ta faɗa. Abin da ya fi burge ni ke nan."

Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya ɗaga hannu. Hankici suka fiddo. Dattawa suka haɗa kai suna raɗa, sannan Mamuda ya taso idonsa cike da ƙwalla.

Ya ce, "Baiwar Allah, hassada ta kama ki, kuma cuta ce mai yaɗuwa. Mu ba ma duka, ba ma kisa, ba mu da kurkuku. Roƙonku kawai za mu yi, ke da maigidanki, gobe da hantsi ku zauna a ƙasan Rumbun Albarka. Abin da ya biyo baya tsakaninku ne da ƙananan bayin Allah. Mu ba ruwanmu."

Jama'a suka ce, "Sambarka."

Aka raka mu ɗaki. Ƙofar ba makulli, gaskiyar falke, sai dai wasu ƙattai sun zauna sun jingina da ita, suna tambayarmu ta waje ko muna bukatar ƙarin matashi.

Na ce, "Ai kin ce to."

Ta ce, "Na ce. Bakina ne bai ji ba." Ta zauna ta yi tagumi. Can ta ce, "Malam, a gida me nake zubawa a gindin tulun zuma?"

"Toka."

"Ƙaramar tururuwa ba ta taka toka. Ban san babba ba."

Ni ma ban sani ba, amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Saura yadda za a yi masu niyyar hallaka mu su kawo mana tokar da hannunsu. Wannan kuwa ban sha wuyar tunaninsa ba, don na riga na san abin da suka fi so a duniya.

Da safe aka gangara da mu matakala, aka zaunar da mu a kan wani falalen dutse daidai bakin kafar da rundunar ke fitowa. Suka ɗaure mu da igiyar alharini, mai ɗaurin yana ba mu haƙuri, yana tambaya ko ta matse. Birni duka ya kewaye bakin ramin. Na ɗaga kai na yi kira ga Mamuda.

"Ranka ya daɗe, mun gane kuskurenmu. Alfarma ɗaya muke nema. A ƙasarmu mai tuba ba ya tsarkaka sai mutanen kirki sun zuba masa tokar murhunsu. Kuma an ce gwargwadon kirkin mutum, gwargwadon tokar da yake bayarwa."

Ban rufe baki ba dandazon ya watse. Mutanen da ban taɓa ganin sun yi sauri ba sai ga su da gudu. Wannan ta kawo ƙwarya, maƙwabciyarta ta kawo masaki, wani ya ga haka ya kinkimo buhu. Suka tone murhu, suka tone juji, suka kwaso tokar shekaru. Kowa yana zubawa yana waiwaye ya ga ko an gan shi. Toka ta rufe mu har wuya, ta rufe falalen, ta rufe hatsin, ta tashi sama kamar hadari. Muna tari, idanunmu na zafi, su kuwa suna ta "Sambarka, sambarka."

Sai ƙasa ta fara motsi.

Tururuwa ta farko ta leƙo, ƙahonninta na rawa. Ta matso har ina ganin fuskata a baƙin idonta. Ta taɓa tokar da ke kafaɗata, ta ja da baya kamar ta taɓa garwashi. Na bayanta suka turo ta, ta kauce, su ma suka kauce. Cikin ɗan lokaci ramin ya rikice. Duk inda suka sa ƙafa toka ce, gidansu ya ɓaci. Wasu suka shiga haƙo ƙwayayensu, farare manya kamar kabewa, suna komawa da su cikin kafar. Wasu suka kama kwasar hatsin da tokar ba ta kai ba. Sauran kuwa, da suka rasa hanya, suka bi bango suka yi sama.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Daga inda nake ina hango bakin ramin, kuma abin da na gani ya ishe ni ilimi. Mutanen da ke yini a lungu suna "bismilla, fara wucewa" suka tattake juna. Mai mayar da allura ya fizge wa wata tsohuwa sandarta ya buɗe wa kansa hanya da ita. Mai yafe zane ta ture ƙawarta cikin magudana. Mamuda kuwa, mai muryar tsoron tada jariri, na ji shi yana kururuwa kamar jakin da aka yi wa lalas. Ya haye rufin wani gida, ya janye tsanin, alhali matansa na ƙasa suna miƙo hannu. Tururuwar ma ba ta kula kowa ba, hatsinta take nema cikin gidaje. Duk wanda ya ji ciwo a ranar, ɗan'uwansa ne ya ji masa.

Igiyar da aka ɗaure mu da ita a kan audugar rimi ta zauna. Na sa haƙori na farke ɗinkin kafaɗar Tabawa, ta zaro audugar da yatsu, ni ma ta farke nawa. Tumbinmu ya zube, igiya ta saki, muka zame daga ciki kamar kifi. Sama ba ta hawuwa. Hanya ɗaya ce ta rage, ita ce kafar.

Muka damtsi toka muka cika zani, muka shiga. Duhu ne, da wari mai tsami, da ƙarar ƙafafu ta ko'ina kamar ruwan sama a kan busasshen ganye. Na riƙe gefen zaninta, tana gaba tana watsa toka. Jikinsu mai sanyi yana gogar ƙafafunmu yana kaucewa. Sau da yawa na faɗi, sau da yawa ta faɗi. Tokar na gab da ƙarewa muka hango haske.

Mutanen Gangare suka ga fatalwa biyu farare sun fito daga ramin da ba a fitowa, suka watse. Gwamma ce kawai ta tsaya, don ƙafafunta ba sa gudu. Ta ƙura mana ido, ta ce, "'Yata, ke ce? Zo ki wanke fuska."

Rundunar ta yi kwanaki tana fita da ƙwai da hatsi, ta nufi dajin arewa, ba ta sake dawowa ba. Abin da ta zubar a hanya kaɗai ya cika rumbunan Gangare, ga kuma sauran geron da ba a girbe ba. Muka gaya musu abin da muka gani a sama. Wasu suka yi ta zagi. Gwamma kuwa ta ɗauki kwandon dusar da ke rataye a bukkarta ta kai wa kaji.

Muka zauna da su har rani ya yi nisa, ina ɗinki, Tabawa na sayar da ƙosai. Yara suka yi kumatu. Ana nan sai wata rana ga ayari yana gangarowa daga dutse, alharini na lilo a jikinsu kamar an rataya a kan kara. Mamuda ne a gaba. Ya tsaya a tsakiyar gari, ya nemo tsohuwar muryarsa.

Ya ce, "'Yan'uwa, mun yafe muku duk abin da ya faru. Mun kuma zo mu ba ku damar samun lada, ta hanyar ciyar da mutanen kirki."

Samari suka fara tsintar duwatsu. Gwamma ta ratsa su, ta ajiye akushin tuwo a gabansa. Ya zube a ƙasa ya kama ci da hannu biyu, miya na bin gemunsa. Ta jira ya suɗe akushin, sannan ta miƙa masa fartanya.

Ta ce, "Na yau kyauta ne. Na gobe yana cikin wannan."

Ya karɓa ta wajen ƙarfen, yana jujjuya ta, yana neman inda ake riƙewa.

Da a nan labarin ya tsaya da na fi kowa murna. Amma damina ta zo ta yi kyau, aka yi kakar da ba a taɓa yin irinta ba, kuma ba mai ɗauka. Mutanen sama da suka zauna aka ba su bukkoki a bayan gari, suna noma gonakin masu gari a biya su da abin da ya zube. Mai garin Gangare ya sayi babbar riga. Wata la'asar muna wucewa ta gindin rimi muka tarar ya tara jama'a yana jawabi. Yana cewa ba banza aka yaye musu tururuwa ba, haƙurinsu ne da tsarkin zuciyarsu, domin su mutane ne na daban. Ya ce ya kamata a ja katanga tsakaninsu da na bayan gari, kada mugun hali ya shafi yara. Ya ƙara da cewa kada a ce ba su da tausayi, dusa dai ba za a hana su ba. Jama'a suna gyaɗa kai. Na duba ban ga Gwamma a cikinsu ba.

Tabawa ta saurara har ya kai aya. Ta sauke tiren ƙosanta, ta juye wa wasu yaran bayan gari da ke raɓe a nesa, ta karkaɗe hannu.

Ta ce, "Ɗaura kaya, Malam. Sun fara."

Muka je muka yi wa tsohuwa sallama, ta raka mu har bakin gona tana sa mana albarka. Kafin rana ta faɗi mun ba Gangare baya.

Wannan shi ne abin da idona ya gani a Sambarka da gindinta, ban ƙara ba, abin da na rage kuwa mantuwa ce ta tsufa. Allah Ya ba mu abin da za mu ci, Ya kuma sa mu san gonar da ya fito.